Baitin da Babana Yake Tsallakewa

A Aysen, can kudancin Chile,
inda iska ba ta hutu ko ran Lahadi,
in an gama askin tumaki an ɗaure ulu,
sai a jingina rago kusa da wuta ya gasu,
wani ya ɗaga murya:
"Eleodoro, ɗauko jitarka,
yi mana ta goɗiyar nan."

Babana yakan yi jim,
ya murɗa tsirkiyar da ba ta kwance ba,
sannan ya fara.

Murta sunanta.
Buhun ulu huɗu da wuƙa ɗaya ya biya.
Waƙar ta faɗi yadda ta ratsa kogin Baker da shi,
ruwa har wuya,
da daren da ta ɗauki mahaifiyata tana naƙuda
cikin dusar ƙanƙara, ba ta yi tuntuɓe ba.
Ni ce kayan da ta kai a daren.

A waƙa, Murta ta tsufa,
ta kwanta gindin bishiya, barci ya wuce da ita.
Mata su share ido da bakin mayafi,
maza su dubi wuta.

Ni kuwa ina bayan tarin itace ranar,
shekarata goma sha ɗaya.

Haƙoranta sun ƙare.
Takan tauna ciyawa ta furzar da ita dunƙule.
Ƙashin ƙugunta ya fito kamar turke.
Sau uku tana faɗuwa a taɓo,
sau uku maƙwabta na ɗaga ta da igiya.
Likitan dabbobi tafiyar kwana biyu ne,
hanya kuma ta toshe.

Mahaifiyata Herminda ta ce,
"Ba kai ka ba ta rai ba.
Bar wa Mai shi ya karɓi abinSa."
Baldomero maƙwabci ya ce,
"In ta faɗi da dare,
ungulayen dutse ba sa jiran numfashi ya tsaya."
Duk su biyun ba wanda ya yi ƙarya,
abin da ya hana babana barci ke nan.

Kwana uku yana goge bindiga
wadda ba ta da datti.

Da safe ya gurza mata tuffa, ya barbaɗa sukari,
ya cire mata ragama.
Ta goga goshinta a ƙirjinsa
kamar kullum, tana neman ƙari.
Ya ce mata wani abu da ban ji ba.
Ya rufe idonta da hularsa.

Ƙara ɗaya.
Agwagin tafki suka tashi gaba ɗaya,
kare ya shige ƙarƙashin amalanke.
Babana ya zauna a ƙasa har rana ta karkata,
hular tana inda ya bar ta.

Akwai baitin wannan safiya.
Sau ɗaya na ji shi, a rumfar ulu da tsakar dare,
yana tsammanin kowa ya kwanta.
Bai roƙi gafara a ciki ba,
tambayarta yake yi:
wahalarta ya yanke,
ko tasa, ta mai kallo?
Kuma da an ba ta baki,
shin ba za ta ce a bar mata ko da hantsi ɗaya ba?

Bara wani saurayi daga birni
ya zo da na'urar ɗaukar murya,
ya ce waƙar na da daɗi, amma kamar da giɓi.
Babana ya ce, "Tsufa ne, ɗana."

Yanzu shekararsa tamanin da huɗu.
Nasa haƙoran ma sun tafi.
Ni nake gurza masa tuffa da yamma,
ina kauce wa idonsa in na miƙa.

Har yau in ya iso wurin nan
yatsunsa sukan ci gaba da tafiya kan jita,
baki a rufe,
tsawon baiti guda cif.
Baƙi su ɗauka mantuwa ce, su taya shi da tafi.
Baldomero ya mutu, mahaifiyata ma.
Ni kaɗai nake cire hula.